Martani: Sikeli Ba Ya Auna Aikin Mai Zayyana

Zayyana kayan ado masu tsada, irin su sarƙa da zobe da 'yan kunne da awarwaro na zinariya da duwatsu masu daraja, sana'a ce dabam da ƙira, ko da yake wani lokaci mutum ɗaya kan haɗa su biyun. Mai zayyana shi ke yanke siffar abu da girmansa, da irin ƙarfen da za a yi shi da shi, da duwatsun da za a dasa masa, tun kafin maƙeri ya hura wuta. Reshe mafi daɗewa a wannan sana'a shi ne wanda ke ɗebo siffofinsa daga halittu: fure, ganye, iri, ƙwaro, tsuntsu da dabba. A kan wannan reshe ne wani marubuci ya yi rubutu, yana jan kunnen matasa da kada su ɓata ƙuruciyarsu a kansa. Ya kafa hujja da abu uku. Ya ce kwaikwayon fure ba ƙirƙira ba ne, tunda Allah ya riga ya gama zana furen. Ya ce darajar kayan ado tana cikin nauyin gwal da girman dutse, zane kuwa ƙawa ce da ke zubewa ranar da aka je sayarwa. Ya kuma ce kwamfuta ta riga ta karɓe ɗan abin da ya rage na aikin. Akwai gaskiya a gefen kowace hujja, amma babu wadda ta isa ta ɗauki hukuncin da ya ɗora mata.

Ɗaukar siffa daga tsirrai da dabbobi ya girmi duk wani kamfani da ake ji da shi yau. A kaburburan sarakunan Ur, a ƙasar Iraƙi ta yanzu, an tono adon kan sarauniya Puabi wanda ya haura shekara 4,500, da ganyayen zinariya jere da furanni a samansa. Maƙeran tsohuwar Masar sun mayar da furen bado da buzuzu alamomin da suka cika sarƙoƙin fir'aunoni. Kuma lalle akwai kwaikwayo na zahiri a tarihin ƙira. Maƙeran Akan a Gana, masu yin ma'aunan tagulla na auna garin zinariya, kan ɗauki kwanson gyaɗa ko ƙwaro ko ƙafar ƙaguwa na gaske, su lulluɓe shi da yumɓu, su ƙone abin ya zama toka, sannan su zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Wannan shi ne kwafi tsantsa, kuma da a ce duk sana'ar haka take, da marubucin ya yi gaskiya.

Sai dai abin da aka yi don a ɗora a sikeli dabam yake da abin da aka yi don a sa a jiki. Furen gaske ba shi da nauyi, yana da laushi, haske na ratsa shi, iska na kaɗa shi, kuma cikin kwana kaɗan ya yi yaushi. Zinariya kishiyar duk wannan ce. Ƙaramin curi nata mai santimita ɗaya ta kowane gefe ya haura giram 19, ba ta barin haske ya wuce, ba ta motsi. Duk wanda ya zuba fure da zinariya daidai da girmansa da kaurinsa zai samu dunƙulen da kunne ba zai ɗauka ba, wanda zai ja wuyan riga ƙasa, tsininsa kuma ya riƙa kama mayafi. Aikin mai zayyana yana farawa ne daga nan: me za a bari, me za a zubar, ina za a rage kauri ba tare da abin ya karye ba, ina za a ɓoye maƙulli, yaya abin zai kwanta a ƙashin wuya idan mai shi ta juya. Fure ba ya ba da amsar ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Tarihin sana'ar cike yake da dabarun da aka ƙago musamman don warware irin wannan matsala. Domin fure ya riƙa rawa kamar a kan reshensa, maƙeran Turai na ƙarni na 18 da na 19 sun riƙa ɗora shi a kan siririn sifirin da aka ɓoye a bayansa, ta yadda ko numfashin mai sanye da shi ya isa ya girgiza daiman ɗin ya yi walƙiya. Domin haske ya ratsa fiffike ko ganye, an yi amfani da dabarar narka garin gilashi mai launi a cikin ragar zinariya marar bango a baya, ya fito kamar ƙaramar taga. Matsala mafi wuya ita ce ta launi. Ganyen fure ja ne bai ɗaya, amma idan aka jera jajayen duwatsu sai faratan ƙarfen da ke riƙe kowane dutse su yanka launin gunduwa-gunduwa. Kamfanin Van Cleef & Arpels na birnin Faris ya yi rajistar maganin wannan a 1933: a yanka tsagi a gefen kowane dutse, a zura shi a kan siraran layukan zinariya da ke ƙasa, har duwatsun su haɗe da juna ba a ganin ƙarfe ko kaɗan. Da wannan dabara aka yi shahararren furen yaƙutu na 1937 wanda ya zama mallakin Gimbiya Fa'iza ta Masar. A zamanin nan kuma Wallace Chan na Hon Kon ya shafe shekaru yana koyon sarrafa ƙarfen taitaniyam, wanda nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin tsantsar zinariya ba, domin ya iya yin manyan malam-buɗe-littafi da mace za ta maƙala a kafaɗa ba tare da sun rinjaye ta ba. Duk waɗannan ƙirƙira ce ta ainihi, kuma sha'awar kusantar halitta ce ta haife su.

Akwai kuma ƙirƙirar da ke cikin zaɓi, wadda marubucin bai kula da ita ba. Miliyoyin mutane sun ga ƙwayar wake, amma Elsa Peretti, 'yar Italiya da ta fara aiki da kamfanin Tiffany na Amurka a 1974, ita ce ta ga abin wuya a cikinta. Ba ta kwafi wake ba. Ta goge masa duk wani tabo da layi, ta bar lanƙwasar nan kawai da santsin da ke sa hannu ya so taɓa shi, ta yi shi da azurfa a lokacin da manyan shaguna ke raina azurfa. An kai lokacin da zane-zanenta ke kawo kusan kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfanin baki ɗaya. Haka Alma Pihl, matashiyar da ke aiki a maƙerar Fabergé a Rasha, ta lura da yadda sanyi ke zana fure-furen ƙanƙara a gilashin taga. Daga nan ta fitar da jerin kayan ado, ta kuma zayyana ƙwan ado na hunturu na 1913 da sarki Nikolas na Biyu ya ba mahaifiyarsa, wanda aka sayar da shi a gwanjo a 2002 kan dala miliyan 9.6. Duk ma'aikatan maƙerar suna ganin tagar nan kullum. Ita kaɗai ta ga abin da ke ciki.

Hujja ta biyu, ta nauyi da sikeli, ita ce ta fi ƙarfi, don haka ta fi cancantar a tsaya a kanta. Babu wanda ya rushe ta a aikace kamar René Lalique, Bafaranshen da aka haifa a 1860 ya rasu a 1945. Ya shiga koyon ƙira yana da shekara 16 a hannun Louis Aucoc, ya yi karatun zane a Landan, ya dawo yana sayar wa manyan gidaje irin su Cartier da Boucheron zane kafin ya buɗe maƙerarsa. A lokacin, abin da ake kira kayan ado na ƙasaita shi ne tarin daiman a kan farin ƙarfe, kuma ana kimanta shi daidai yadda marubucin ke so, wato ta ƙirga duwatsu. Lalique ya juya wa wannan baya. Ya kawo ƙaho, abin da ake yin mataji na talaka da shi, ya kankare shi har ya yi shara-shara, ya rina shi, ya sassaƙa furanni da ganyaye. Ya haɗa shi da gilashi da duwatsu masu sauƙin kuɗi, ya mayar da daiman ɗan rakiya maimakon uban tafiya. Ɗaya daga cikin ayyukansa adon kai ne mai siffar kan zakara, na ragar zinariya da narkakken gilashi, riƙe da dutse mai ruwan hoda-shuɗi a baki, a kan matajin ƙaho. A baje kolin duniya na Faris a 1900 rumfarsa ta ja jama'a, sunansa ya zagaye Turai. Attajirin man fetur Calouste Gulbenkian ya tara ayyukansa masu yawa, waɗanda yanzu suke da ɗaki na musamman a gidan tarihinsa da ke Lisbon.

Abin lura shi ne makomar nau'o'in biyu. Da yawa daga cikin manyan sarƙoƙin daiman na wancan zamani an warware su, an cire duwatsun an sake dasa su a sabon yayi, saboda darajarsu tana cikin duwatsun ne, zanen ba ya da mai kare shi. Matajin ƙaho na Lalique kuwa babu mai narka shi, don idan aka narka ba abin da za a samu. Duk darajarsa tana cikin idon da ya zana da hannun da ya sassaƙa, kuma wannan daraja ce ta ninka kuɗin kayan da aka yi shi da su sau da yawa. Bahaushe ma ya san wannan a wani fanni: mai sayen babbar riga 'yar aska takwas ba ya neman a auna masa zaren da aka yi aikin da shi, aikin yake biya.

Ko a inda duwatsun ke da tsada, zane ne ke raba abu da takwarorinsa. Jeanne Toussaint, wadda ta karɓi ragamar manyan kayan ado na Cartier a 1933, ita ta mayar da damisa tambarin gidan. A 1952 an yi wa matar tsohon sarkin Ingila Edward na Takwas awarwaro mai siffar damisa, da gaɓoɓi a ɓoye a duk tsawon jikinta domin ta kwanta lamo a wuyan hannu kamar mai rai. An sayar da shi a Landan a 2010 kan kusan fam miliyan 4.5. Gaskiya ne sunan mai shi ya taimaka wa farashin, amma ƙananan daiman da baƙaƙen duwatsun da ke jikinsa, da an zube su a faranti, ba za su kusanci wannan kuɗi ba.

Duk da haka, ba daidai ba ne a yi watsi da inda marubucin ya samo ra'ayinsa. A ƙasar Hausa gwal ajiya ce kafin ya zama ƙawa. Mace kan sayi sarƙa da 'yan kunne ko ta same su a lefe, ta adana don ranar buƙata, kuma idan ranar ta zo mai shago zai ɗora a sikeli ya duba ko 18 ne ko 21 ko 22, ya biya kuɗin giram, kuɗin aiki kuwa ya tafi. A gwal mai lamba 18 kashi 75 cikin 100 ne zinariya, a mai lamba 22 kuma kusan kashi 92, kuma wannan lissafi ne ke tafiyar da ciniki. Wannan hikima ce ta mutanen da suka ga yadda kuɗin takarda ke zubewa, ba jahilci ba ne. Kuskuren marubucin shi ne ɗaukar al'adar kasuwa ɗaya ya mayar da ita dokar sana'ar a duk duniya. Hasali ma ko a wannan kasuwa zane yana aiki. Idan sarƙa biyu nauyinsu ɗaya, lambarsu ɗaya, abin da ke sa mace ta ɗauki wannan ta bar waccan shi ne siffa. Wani ne ya zana wannan siffa, a Dubai ko Indiya ko Italiya ko Saudiyya, kuma an biya shi. Kuɗin aikin da ake cewa ya zube bai ɓace ba, ya tafi aljihun mai zayyana da maƙerin wata ƙasa ne.

Zancen kwamfuta ba ya buƙatar dogon bayani. Yau ana gina siffar zobe a manhaja, inji ya fitar da ita da kaki, a zuba ƙarfe ta tsohuwar hanyar zubi da kakin zuma da maƙeran Afirka ta Yamma suka sani tun ƙarnoni. Wannan ya rage wahalar sassaƙa, ya kuma sauƙaƙa satar zane, abin da ke cutar da ƙananan masu sana'a ƙwarai. Amma manhaja ba ta san yadda ɗan kunne ke jan fatar kunne bayan awa shida a wurin biki ba. Shi ya sa har yanzu manyan gidajen Faris ke fara aiki da zanen hannu na fenti a kan takarda mai ruwan toka, daidai da girman abin, wanda maƙeri da mai dasa dutse za su riƙa dubawa har a gama.

Game da cin abinci da sana'ar, gaskiya ita ce ƙofar tana da ƙunci amma a buɗe take. Abu guda mai daraja kan bi ta hannaye da yawa: mai zane, mai sassaƙa kaki, mai zubi, maƙeri, mai yanka dutse, mai dasa shi, mai gogewa. Kowanne aiki ne da ake koya ake kuma biya. Akwai makarantun da suka daɗe a kai, kamar makarantar kayan ado ta Birmingham a Ingila da aka kafa a 1890, da cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta GIA a Amurka da aka kafa a 1931. Yawancin masu zayyana ma'aikata ne da ba a san sunansu ba, wasu na sayar da zane ga kamfanoni kamar yadda Lalique ya fara, kaɗan ne ke kai ga buɗe shago da sunansu. Kaɗan daga cikin kaɗan ne ke kai matsayin Joel Arthur Rosenthal, wanda aka fi sani da JAR, mai furannin duwatsu masu launi, da babban gidan tarihi na Metropolitan a Amurka ya baje ayyukansa a 2013 yana raye. Jari ma babban shinge ne, tunda ɗan koyo ba zai yi gwaji da zinariya ba. Da azurfa da tagulla ake farawa, a yi shekaru ana goge hannu. Marubucin ya yi daidai da ya ce ba kowa zai yi arziki ba. Amma hakan gaskiya ne ga ɗinki da gini da aikin jarida, kuma ba a taɓa cewa su ba sana'a ba ne.

Ga Musulmi mai shakkar siffanta masu rai, fagen bai rufe ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar yin siffofi ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi game da masu rai, ya kuma nuna masa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. A kan wannan turba maƙeran daulolin Musulmi suka bunƙasa adon reshe da ganye da fure. A Indiya ta zamanin Mughal har bayan sarƙa, inda ba mai gani sai mai ita, akan cika shi da furannin narkakken gilashi, aikin da birnin Jaipur ya shahara da shi har yau.

Akwai tuhumar da ta fi duk ukun nauyi, wadda marubucin bai kawo ba, kuma masu kare sana'ar bai kamata su ɓoye ta ba. Sana'ar da ke yabon halitta ta sha cutar da ita. An kashe giwaye don haure har aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989, an kwashe murjani daga teku, an fige tsuntsaye don gashinsu. Haƙar zinariya ta gargajiya da ake yi da sinadarin makuri tana gurɓata ruwa da ƙasa. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Mai zana ganye da zinariyar da ta fito ta irin wannan hanya yana da tambayar da zai amsa. Amsar da ake gwadawa ita ce sake narka tsohon gwal, da sayen zinariya mai shaidar asali irin wadda aka fara fitarwa a 2011 da tambarin Fairtrade da Fairmined. Mai zayyana ne ke zaɓen kayan aiki, don haka a hannunsa wannan gyara yake, kuma wannan kaɗai ya nuna cewa matsayinsa ya wuce na mai ƙawata abu.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba hannu ne ya yi ƙaranci ba. Maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, sun daɗe a Kano da Damagaram, maƙeran Agadas sun fitar da abin wuyan azurfa da aka sani har Turai, Bida kuma ta yi suna da tagulla da tsakiyar gilashi. Siffofi ma suna nan ba a taɓa su ba: kwanson bagaruwa mai kama da jeren tsakiya, furen tumfafiya mai tsari kamar tauraro, ƙoƙon zoɓo, zangarniyar gero, buɗaɗɗen ƙwallon auduga. Abin da ya yi ƙaranci shi ne koyar da zane tare da ƙira, da kuma hanyar da za a san wanda ya yi abu. Ingila ta wajabta buga hatimin ingancin azurfa tun 1300, ta ƙara da hatimin maƙeri a 1363, Faransa kuma tana da nata hatimin maƙeri. Wannan ɗan tambari ne ke sa a gane aikin Lalique bayan shekara ɗari a biya shi da sunansa. Yawancin abin da maƙerin gida ke yi yana fita ba suna ba hatimi, don haka idan ya koma kasuwa ba abin da mai saye zai dogara da shi sai sikeli. Ƙungiyoyin maƙera da masu sayar da gwal za su iya fara rajistar hatimin kowane maƙeri da lambar ingancin ƙarfe a tsakaninsu, tun kafin hukuma ta yi doka a kai.